Alhassan Ɗantata, Marayan Bebeji

 Sa'ad da malaminmu na Hausa ya ce kowa ya zaɓi wani mashahurin mutum daga cikin mutanen da, ya rubuta tarihinsa, yawancin 'yan ajinmu sai suka ruga wajen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Sardauna da Malam Aminu Kano. Ni kuwa sai na zaɓi ɗan kasuwa, watau Alhaji Alhassan Ɗantata. Har wasu suka yi mini dariya a ɗakin kwana, wai kwaɗayin kuɗi ne ya ja ni. To, ba haka ba ne, kuma ya kamata in faɗi dalilina tun kafin in shiga cikin labarin.

Mahaifina ya daɗe yana aiki a wani kamfanin fata a Challawa. Bara, da na koma gida hutun ƙarshen shekara, sai na tarar an sallame su, shi da abokan aikinsa da yawa, don kamfanin ya kasa jure tsadar wutar lantarki da man dizal. Mutumin da na saba gani yana fita tun da sassafe, ga shi nan zaune a zaure har rana ta take. Ba ya ƙorafi, amma tuwon dare ya ragu, kuma na ji Innarmu tana lissafin abin da za a sayar a yi mini sayayyar komawa makaranta. A nan ne wani mugun waswasi ya shiga zuciyata. Na ce a raina, ga mutum ba ya fashin jam'i, ba ya cin haƙƙin kowa, me ya sa shi ne abin zai faɗa wa? Ban faɗa wa kowa ba, amma har salla sai da ta yi mini nauyi. Kakana ne ya lura. Shi tsohon ɗan dako ne, ya yi ɗaukar buhu a dalar gyaɗa yana saurayi. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma yi mini wa'azi ba. Labarin Alhassan kawai ya ba ni, dare biyu a jere. Da na dawo makaranta na shiga laburare na ƙara bincike, ga abin da na tattara.

An haifi Alhassan a garin Bebeji, kudu da Kano ta wajen hanyar Zariya, a shekarar 1877. Iyayensa Agalawa ne, watau wasu fatake da suka shahara da safarar goro. Kakansa, Baba Talatin, daga ƙasar Katsina ya taso ya zauna a Madobi. Mahaifinsa kuwa shi ne Madugu Abdullahi, mai jagorancin ayari zuwa Gwanja. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta. Ka ga ashe cikin wadata aka haife shi, duk wanda ya gan shi yana jariri zai ce wannan yaro ya gama tsira.

Amma yana da shekara kamar takwas, wajen 1885, sai Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa. Aka raba gado yadda shari'a ta ce, 'ya'yan kuwa duk ƙanana ne, babu wanda ya isa ya riƙe harkar uban. Ba a jima ba sai uwar ta tattara rabonta ta tafi Ankara, a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, inda take da ciniki. Ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwar gidan mai suna Tata. Rabon gadon Alhassan kuwa bai yi ƙarko ba, kafin ya yi wayon juya shi ya salwanta. Ɗan madugu ya wayi gari ba uba, uwa tana wata uwa duniya, ba kuma ko wuri.

Aka sa shi makarantar allo a nan Bebeji, ya yi zaman almajiranci irin na kowa. Ya yi bara, ya yi aikin ƙarfi don ya sami abin da zai ci da abin da zai rufa wa jikinsa. Ni wannan wuri ne ya fi tsaya mini a rai. Yaron da aka haifa cikin talauci, talauci ne kawai ya sani. Amma wanda ya ga jakunan ubansa suna shigowa gari da kayan goro, mutane suna tururuwar gaisuwa, sa'an nan ya koma yana riƙe da ƙoƙo a ƙofar gidajen mutanen nan, wannan ciwonsa biyu ne. Mu da muke kuka don an hana mu fita ranar Asabar, ko don wake ya yi ƙwari a ɗakin cin abinci, ya kamata mu ji kunya kaɗan.

Tata ce ta tsaya masa. Ita ta koya masa tattali, ta sa shi ya riƙa jefa ɗan abin da ya samu a asusu maimakon ya kashe. Saboda ita ce ta rene shi, mutane suka riƙa kiransa ɗan Tata, sunan kuwa ya bi shi har kabari, ya bi 'ya'yansa da jikokinsa. Dubi ikon Allah. Sunan madugu mai ayari bai bi gidan ba, sunan baiwa ne ya bi shi, yau ga shi an rubuta shi a jikin manyan motoci da gine-gine.

Da ya kai shekara kamar 15, sai begen uwa ya dame shi. Ya fasa asusunsa, ya sayi ɗan kayan da kuɗin suka isa, ya bi ayarin Gwanja. Kada mai karatu ya ɗauka tafiyar nan irin ta yanzu ce. A ƙasa ake yinta, da jakuna da alfadarai da 'yan alaro, wata da watanni. Ayari yakan ɗauki kanwa da baƙaƙen tufafi na rini da jar fata, ya bi ta yamma ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, yana biyan fito a wajen sarakunan hanya, yana kwana a zango cikin tsoron 'yan fashi. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba, uban dawaki yana kula da sha'anin masauki da sarakuna. Salaga ita ce babbar kasuwar goro a da, amma yaƙin da ya ɓarke a can a 1892 ya watsa ta, fatake suka yi ta gangarawa kudu har bakin teku. Alhassan ya sayar da rabin kayansa a hanya, sauran kuma ya kai Ankara.

To, ya ga uwarsa. Amma abin da ya yi tsammani ba shi ya tarar ba. Shi ya zaci wahala ta ƙare, zai zauna a inuwar mai arziki. Kwana ɗaya tak ya huta, sai ta kai shi wajen wani malami, ta ce ya zauna can har ranar da zai koma gida. A gidan malamin nan ya yi aikin da ya fi na Bebeji tsanani, ga karatu, ga hidima, ga neman abinci. Da kakana ya zo nan a labarin, na ce lalle matar nan ba ta da tausayi. Kakana ya girgiza kai kawai. Daga baya da na yi tunani sai na ga wata fuskar. Da ta rungume shi ta shagwaɓa shi, da wataƙila ya ƙare a ɗan gidan Amarya mai jiran gado na biyu. Zaman nan ne ya sa ya san Ankara, ya san bakin teku, ya ga jiragen ruwa suna zuwa suna tafiya. Abin da ya gani a lokacin da yake ganin an wulakanta shi, shi ne ya zama jarinsa bayan shekara goma sha wani abu. Duk da haka ba zan ɓoye ba, har yanzu in na tuna yaro ya yi tafiyar watanni don ya ga uwarsa, aka ba shi kwana ɗaya, sai in ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro.

Ya dawo Bebeji ya ci gaba da ɗan cinikinsa, sai kuma ga wata babbar fitina. A 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. Yusufu, ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi, da 'yan'uwansa ba su yarda ba, suka fice zuwa Takai. Wannan shi ne Yaƙin Basasa, tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙi, ƙanensa Alu ya karɓi jagoranci, ya ci Kano a 1894, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Agalawa da yawa suna bayan Tukur, saboda haka da aka ci su yaƙi, abin ya faɗa musu. Aka ƙwace dukiya, aka kama mutane. Cikin waɗanda aka kama har da Alhassan da 'yan'uwansa biyu, Bala da Sidi. Aka ce ko su fanshi kansu ko su ƙare a bauta. Allah ya taimake shi ya fanshi kansa, amma ɗan abin da ya tara ya sake tafiya.

Bari mu tsaya mu yi lissafi. Bai cika shekara 20 ba, ya rasa uba, ya rasa gado, ya yi bara, uwa ta juya shi, an kama shi kamar dabba a faɗan da ba nasa ba. In akwai wanda za a yi wa uzuri in ya munana zato ga Ubangiji, to shi ne. Malamin addininmu ya koya mana cewa yanke ƙauna daga rahamar Allah babban zunubi ne, kuma kyautata zato gare Shi ibada ce. A aji abin yana da sauƙin haddacewa, har na ci maki a kansa a jarrabawa. Amma ban gane nauyinsa ba sai da na auna shi da saurayin nan. Shaidar abin da ke zuciyar mutum ita ce abin da ya yi da gari ya waye. Alhassan kuwa da gari ya waye sai ya sake ɗaura kaya ya kama hanyar Gwanja. Wanda ya tabbata Allah ya yashe shi ba ya sake ɗaura kaya.

A watan Fabrairu na 1903 Turawa suka ci Kano, kuma a hanyarsu daga Zariya sai da suka fasa ƙofar Bebeji da igwa. Zamani ya juya. Fatake da yawa suka tsaya a kan tsohuwar hanya ta jakuna. Alhassan kuwa ya tuna jiragen da ya gani a Ankara. Wajen 1906 ya fara ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara da Sekondi zuwa Ikko, yana kuma cinikin duwatsun wuya da tsakiya da yadin Turawa. Yana cikin na farko-farkon Hausawan da suka buɗe wannan hanya. Tafiyar da take cin watanni ta koma ta kwanaki, goro kuwa kowa ya san ba ya son daɗewa a hanya. Mahaifiyarsa ta rasu a Ankara wajen 1908, daga nan ya ƙara mai da hankalinsa ga Ikko da Kano.

Sa'an nan jirgin ƙasa ya zo. An gama shimfiɗa dogo zuwa Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, zamanin Sarki Abbas. Turawa sun so manoman Arewa su duƙufa ga auduga don masaƙun Ingila, amma manoma suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, in ma ba a saya ba a ci a gida. Kamfanonin Turawa suna son gyaɗa amma ba su san ƙauyuka ba, dole suka nemi fataken goro, waɗanda suke da yara a ko'ina, kuma manoma suka amince da su. Manyan attajiran Kano na lokacin su ne irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. Alhassan ya taso ya zauna a birni, ya gina gida a wajen Ƙoƙi, inda a lokacin fili ne fetal, shi ya sa ake kiran wurin Sarari. A 1918 kamfanin Neja ya ɗauke shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Yakan ba yaransa kuɗi su shiga karkara tun kafin kaka, kuma an san shi da cika alkawari da tsare lissafi. Kafin 1922 ya wuce kowa dukiya a Kano. A 1929, da bankin Turawa na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗinsa na azurfa ajiya. Wannan shi ne labarin da kowa ya fi sani, kuma shi ne abin da 'yan ɗakinmu suka fara tambayata. Ni dai in na tuna raƙuman nan, sai in tuna ɗan asusun Tata.

Ko a lokacin ma ba kullum ake kwana a gado ba. A shekarar 1929 ɗin nan ce kasuwannin duniya suka karye, tun daga Amurka, farashin gyaɗa ya faɗi warwas shekara da shekaru, 'yan kasuwa da yawa suka durƙushe. Shi ya jure, ya rarraba ƙafa cikin goro da shanu da yadi da sauran haja. Buhunan gyaɗar da ake jibgewa suna jiran jirgi su ne suka zama dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita a duniya, kuma sunansa ba ya rabuwa da ita. Kakana ya ce har a zamaninsu, bayan rasuwar Alhaji, in ɗan dako ya hau dala da buhu a ka, yakan hango birni duka.

Dukiya ba ta raba shi da abin da ya koya a makarantar allo ba. Ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya ne, ya yi aikin Hajji ta jirgin ruwa a farkon shekarun 1920, ya kuma biya wa mutane da yawa kujera. Yana fitar da zakka, yana ciyar da mabukata da almajirai, yana taimakon malamai. An san shi da sauƙin kai wajen ci da tufafi, har wasu suna ganin tsantseninsa ya yi yawa ga mai irin wannan arziki.

Sai dai akwai wani abu da nake so in yi wa kaina da mai karatu kashedi a kai. Kada mu karanta labarin nan mu ce duk wanda ya dogara ga Allah zai zama Ɗantata. Almajirai nawa ne suka yi bara tare da shi a Bebeji, suka yi haƙuri kamarsa, suka mutu ba su mallaki ko jaki ba? Mutum nawa aka kama a Basasa waɗanda ba su sami fansa ba? Ita kanta Tata baiwa ta rayu. In kuɗi ne ma'aunin ƙaunar Allah, to Ƙaruna ya fi annabawa da yawa, wannan kuwa ba mai hankalin da zai faɗa. Abin da na gani a rayuwar Alhassan shi ne, a kowace shekara ta baƙin ciki an ajiye masa wani abu da bai gane ba sai daga baya. Maraici ya kai shi hannun Tata. Tsananin uwa ya nuna masa teku. Shi kuwa a lokacin duhu kawai yake gani, kamar yadda ni ma na gani a zauren gidanmu.

A ƙarshen rayuwarsa ya haɗa kai da wasu attajiran Kano suka kafa kamfanin 'yan ƙasa don shiga harkar masana'antu, don a lokacin kusan duk injin da ke juyawa a Kano na Turawa ne ko na Kwarori. A shekarun 1950 ne Bompai ta fara cika da masana'antu, musamman na matsar man gyaɗa. Daga baya aka buɗe Sharaɗa da Challawa, aka yi masaƙu da kamfanonin fata da na robobi da na alewa da sabulu, har Kano ta zama ta biyu bayan Ikko wajen masana'antu. Gyaɗar da ta tara jarin farko kuwa ita ma ta sami nata rabon. Fari na 1972 zuwa 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya ta, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, dala ta ɓace. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 kuma masana'antun suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, saboda rashin wuta da tsadar kayan aiki da shigowar kayan waje masu araha. Wanda ya ratsa Sharaɗa ko Bompai zai ga ƙofofi da yawa a garƙame, ciyawa ta fito a harabar, wasu an mai da su ɗakunan ajiye kaya. Bayan kowace ƙofa akwai gidaje irin namu.

A 1955 ciwo ya kama Alhaji Alhassan. Da ya ji jikinsa, sai ya tara 'ya'yansa da manyan yaransa, ya yi musu wasiyya su zauna lafiya da juna, kada su wargaza harkar, su riƙe zumunci, su kula da talakawa. Mutumin da ya ga yadda gadon ubansa ya watse yana ɗan shekara takwas, ba mamaki wannan ne abin da ya fi damunsa. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. A lokacin ana lissafa shi a kan wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. 'Ya'yansa, irin su Ahmadu da Sanusi da Aminu, suka riƙe gidan. Alhaji Aminu ya rasu a 2025, aka binne shi a Madina. Alhaji Aliko Ɗangote kuma jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

Mahaifina har yanzu ba a kira su aiki ba. Wani amininsa ya ba shi aron ɗan jari, yana saro takalma a 'yan takalma yana kaiwa kasuwannin ƙauye, ranar Juma'a Wudil, sauran ranaku duk inda ta kama. Ran da zan dawo makaranta shi ya raka ni tasha, da buhun takalmansa a kafaɗa, don daga nan zai wuce kasuwa. Ya ƙirgo kuɗin mota ya ba ni, ya ƙara mini da 'yan canji, ya ce in gai da malamai. Canjin nan ban kashe ba, suna cikin wani gwangwanin madara da na huda wa baki, a ƙasan akwatina.